Ƙonni, Malbaza, Illela: Wa Ke Kashe Tsofaffin Babura?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manyan ma'aikata da masu hannu da shuni, duk sa'ad da suka hangi bawan Allah yana tura babur a gefen kwalta tsakanin Tsarnawa da Malbaza, rana na dukan ƙeyarsa: ai tsoho ne, ya yar da shi ya sayi sabo mana! Maganar tana da daɗin faɗi ga wanda ke kishingiɗe cikin mota mai sanyi. Da za su tsaya su tambaya, da sun tarar sau da dama injin nan lafiyarsa lau, kuma zai iya ƙara wasu shekaru goma yana aiki. Abin da ya tsayar da shi ƴar waya ce da kuɗinta bai fi na lita biyu na esansi ba, ko kuwa wasu faifai da za su shige aljihun riga. An saye su makonni kaɗan da suka wuce, cikin kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani, an biya kuɗin na gaskiya, an karɓo jabu. A gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela tsufa bai cika kashe babur ba. Kayan gyaran banza ne ke kashe shi, da masu sayar da su, da hukumomin da ba su san babur ba sai ranar karɓar kuɗi.

Ƴan boko suna kiran abin ambiriyaj, bakaniken da ya yi koyo a Sakkwato yana ce masa kuloci. Sunan ma aro ne daga gida biyu. Ga yadda aikinsa yake: inji in an tada shi ba ya fasa juyawa, taya kuwa dole ta tsaya ta kuma tashi, sai aka sa kuloci ya zama ɗan tsakani. Bayan murfin inji na gefen dama akwai wata tukunya mai yatsu, cikinta an jera faifai, ɗaya mai ɓawon kamu, ɗaya na ƙarfe zalla, haka har guda huɗu ko biyar na kowane iri, sifirin na matse su, dukkansu suna wanka cikin man inji. In mahayi ya matsa hannun hagu, waya ta ja, faifan su saki juna, inji ya rabu da taya, a sa giya. In ya saki, su sake kama juna, babur ya tafi.

Wayar ita ce ta fi saurin mutuwa, kuma kusan kullum wuri ɗaya take tsinkewa, wato wajen ɗan dunƙulen kanta da ke maƙale a hannun matsawa. Ƙurar hunturu ta shige cikin rigarta, ba a ɗiga mata mai ba, sai zaren ƙarfen ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tafiya ba sallama: hannun kan yi tauri kwanaki kafin ranar. Faifai kuwa cinyewa suke yi. Alamarsu ita ce inji ya yi ta kuka, mai na ƙonewa, babur na tafiyar hawainiya, musamman wajen hawan tuddan Adar ko cikin rairayin ƙorama. Akwai kuma akasin wannan, inda faifan ƙarfe suka lanƙwashe don zafi, ko yatsun tukunya suka yi tsaga, sai kuloci ya ƙi saki: giya ta shiga da ƙara, babur ya yi tsalle ya mutu. Duk waɗannan cututtuka ne masu magani, kuma aikin awa ɗaya ko biyu ne a hannun wanda ya iya. Sharaɗin guda ne, a sami kaya na ƙwarai.

To su wane ne ke bisa tsofaffin baburan nan? Malamin makaranta ne da aka tura wani ƙauyen Tajaye ko Bazaga, wanda dole ya zo gari ƙarshen wata ya karɓi albashi. Ma'aikacin lafiya ne mai ɗauke da akwatin allurar rigakafi, wadda ba ta jure zafi. Malamin gona ne mai zagaya filayen noman rani na Ƙonni, fiye da hekta 2000 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. Manomin albasa ne na kwarin Magiya, mai ɗora buhun da kan haura kilo 100 a bayan abin da aka ƙera don mutum biyu. Ɗan kabu-kabu ne da bai mallaki babur ɗin ba, kuma maigidansa na jiran kuɗin yini ko an yi aiki ko ba a yi ba. Sau nawa aka ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Galmi a tsakanin mutum biyu bisa babur, don babu wata motar da za ta shigo? Wanda ya ce wayar kuloci ƙaramar magana ce, bai taɓa ganin ta tsinke cikin dare a irin wannan tafiya ba.

Masu cewa a sayi sabo sun manta da tarihi, ko kuwa sun ga dama sun manta. Kafin 1994 ƙaramin ma'aikaci yana iya tara kuɗi ko ya ci bashi ya sayi Yamaha ko Suzuki ko Honda, ƙirar Japan, ya san ya yi sayayyar shekaru ashirin. Ranar 12 ga Janairun 1994, bayan taron Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga ƙetare ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa, a shekarun nan, ba ma zuwa yake kan kari ba, ana bin gwamnati bashin watanni. Daga ranar ne ma'aikaci ya koyi riƙon tsohon abu. A farkon shekarun 2000 baburan Sin suka kwararo, daga baya na Indiya suka biyo, farashi ya faɗi, talaka ya hau abin da a da sai ɗan albashi. Wannan alheri ne, babu mai musu. Amma araha ba ta ado, kuma tare da babur mai araha aka shigo da kayan gyara masu arahar da ta wuce hankali, har suka kori na ƙwarai daga kanti. Yau mai tsohuwar Yamaha ko da kuɗi a hannunsa sai ya sha yawo kafin ya sami faifan asali.

Abin takaici shi ne tsofaffin injinan nan an yi su ne domin irin wannan ƙasa. Lokacin da kamfanin Honda ya fitar da CG 125 a 1975, ya ƙera shi musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, kaya sun yi yawa, ba a kuma canza mai a kan lokaci. Shi ya sa har yau ɗimbin injinan da ake ƙerawa a Sin kwaikwayonsa ne, shi ya sa kuma kayan wani kan shiga cikin wani. Sai dai shiga daban, dacewa daban. Faifan da ya gaza kauri da ɗan abin da ido ba ya gani zai shiga tukunya lafiya, ya yi wata biyu, ya fara zamewa.

Nan magana ta iso ga ƴan kasuwa, kuma ba za a yi musu kara ba, ko da yake su ne masu sayen wannan jarida. Kowane mai shagon kayan babur a Ƙonni ya san kaya hawa-hawa ne. Akwai na asali, akwai mai bi masa, akwai kuma wanda ake kawowa a buhu a zuba cikin kwalin da aka buga masa sunan kamfanin da bai san da zamansa ba. Sayar da mai araha ba laifi ba ne. Talaka na da ikon ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai, ya kuma san kwanakinsa ƙidayayyu ne. Laifin shi ne a miƙa masa na ukun a karɓi kuɗin na farkon, a haɗa da rantsuwa. Wannan algus ne, bai da bambanci da zuba ruwa cikin nono ko tauye mudu, kuma malaman da ke wa'azi a kan mudu kowace Juma'a ya kamata su san cewa mudun zamani yana cikin kwali. Mai shago zai ce shi ma haka aka sayar masa a Sakkwato ko Kano. Wataƙila. Amma wanda ya shekara goma sha biyar yana juya faifai a hannunsa, da nauyi da launi kawai yake gane su. Bai jahilci abin da yake sayarwa ba. Ya dai lura cewa wayar da ke tsinkewa bayan wata guda tana dawo masa da mai saye sau goma sha biyu a shekara.

Kusan duk kayan nan ta kudu suke shigowa. Illelar Najeriya (kada a haɗa ta da Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar) ƴan kilomitoci ne daga Ƙonni, daga can sai Sakkwato, sai Kano, sai manyan kasuwannin kudancin Najeriya. Yamai kuwa tana nesa da fiye da kilomita 400. Muddin iyaka na buɗe babu mai tunanin wannan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, har zuwa Maris na 2024. Kaya ba su daina shigowa ba, kowa ya sani, ta barauniyar hanya suka bi, bisa baburan da su ma kulocinsu ke ƙonewa cikin rairayi. Amma kowace rufewa ta ƙara wa farashi nauyi, ta kuma ba jabu fili, domin in kaya sun yi wuya ba a zaɓe. Tsakanin nan Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Mayun 2023, man bumburutu da ya riƙe ƴan kabu-kabun Ƙonni shekara da shekaru ya daina araha, ɗan abin da ake warewa domin gyara ya tafi a tanki. Sau biyu cikin shekaru biyar aka nuna wa yankin nan cewa sufurinsa na rataye da wayar da ba ya iya yi wa kansa. Wane darasi aka ɗauka? An buɗe iyaka, an yi hamdala, an koma gidan jiya.

Hukuma fa? Ba za a ce ba ta san babur ba. Ta san shi a ofishin duwan ranar da ya shigo. Ta san shi wajen lamba da katin mallaka da harajin shekara da inshora. Ma'aikatar magajin gari ta san ɗan kabu-kabu, ta san mai shago ranar fatanti. Ɗan sanda da jandarma sun san shi a bakin hanya, sanin da ba ya bukatar dogon bayani ga mai karatu. In tsaro ya taɓarɓare ma an san shi, kamar yadda aka hana hawansa a Difa a 2015 da Tilaberi a 2020, bisa dalilan da ba a raina ba. Ke nan a idon mahukunta babur ko saniyar tatsa ne ko abin tuhuma. Amma a tsawon wannan layi na masu miƙo hannu, wa ke da alhakin buɗe kwali ya duba ko abin da ke ciki ya yi daidai da sunan da ke bayansa? Ƙasar nan tana da hukumar kula da ingancin kaya da awo, wato ANMC, tana da ma'aikatar ciniki mai wakilai a jihohi. Masu shaguna a kasuwar Ƙonni su faɗa da bakinsu: sau nawa aka zo musu neman takardar haraji, sau nawa kuma aka zo duba ingancin waya ko birki? Wayar birki da ta kuloci a buhu ɗaya suke zuwa. Ta kuloci in ta tsinke a tura babur, ta birki in ta tsinke a ɗauki gawa, sannan a rubuta cikin rahoto cewa gudu ya yi yawa.

Wanda ya riƙe wannan gini kada ya rushe shi ne bakanike, mutumin da ke zaune ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar dogon yaro, hannu baƙi ƙirin, wanda ɗan boko ba ya so ɗansa ya zama. A dubi abin da yake yi da babu. Kan waya ya cire, ya ɗaura mata ɗan kusar keke mai matsewa, ko ya narka mata dalma, ta kai mai ita gida. Yatsun tukunya sun yi tsaga, ya sa zarto ya goge su. Faifan ƙarfe ya ɗora su bisa gilashi ya gane wanda ya lanƙwashe. Ya san sabon faifai ba a ɗaura shi a bushe, sai an jiƙa shi cikin mai. Ya san dole a bar wa hannun kuloci ɗan wasa, kamar kaurin yatsa a ƙarshensa, in ba haka ba faifai su ƙone ba tare da mahayi ya sani ba. Har yana koya wa abokin cinikinsa yadda zai kai kansa gari in waya ta tsinke a daji: a tura babur, a haye, a jefa giya, a riƙa sauke mai kafin a canza, kada a tsaya sai ƙofar gareji. Babu makarantar da ta ba shi wannan, a gaban maigidansa ya tsince shi, da mari da aike.

Amma shi ma ba za a wanke shi tas ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai mai cusa wasa ƙarƙashin sifirin da ya gaji don kuloci ya kama na kwana goma, ya karɓi kuɗin sabon aiki. Akwai mai haɗa baki da mai shago, ya aiki yaro ya sayo jabu, su raba rarar. Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, ita ce zuba wa babur man mota. Faifan babur cikin mai suke aiki, wasu mayukan mota na zamani kuwa an sa musu sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa faifai zamewa ko da sababbi ne. Tun 1998 Japanawa suka kafa ƙa'idar bambancewa, man da ya dace da irin wannan kuloci yana ɗauke da alamar JASO MA a jikin galan. Kanikawa nawa ne tsakanin Alela da Badagishiri aka taɓa nuna wa waɗannan haruffa? Balle man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. Ga asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, ga cibiyoyin koyar da sana'o'i da aka buɗe a kwaminoni, ga majalisar masu sana'ar hannu. Horon kwana uku a Ƙonni, wani a Malbaza, wani a Illela, da ma'aunin kaurin faifai guda ga kowane gareji, ba zai ci kuɗin taron ƙara wa juna sani guda ɗaya na otal ɗin Yamai ba, irin wanda ake watsewa da jaka da alƙalami da kuɗin zama.

Mahaya su ma da nasu kason. Wanda ya ɗora buhu biyu da mutum, ya shiga rairayi yana riƙe da rabin kuloci, inji na ihu, da hannunsa yake gasa faifansa. Wanda ya ji hannu ya yi tauri ya ce sai gobe, shi ya zaɓi wurin da zai kwana. Waya ta biyu a naɗe ƙarƙashin sirdi ba ta da nauyi.

Za a ce ƙasa matalauciya ba ta ƙera kayan inji, sai haƙuri. A tambayi mutanen Nnewi, a jihar Anambra ta Najeriya. Su ma da tallan kayan babur suka fara, suna sarowa daga Japan, daga baya Taiwan. A shekarun 1980, da shigo da kaya ya yi wuya, wasu daga cikinsu suka sayo injina suka fara yin wayoyi da robobi da takalman birki a garinsu, ba su jira gwamnati ba. Innocent Chukwuma, mai kamfanin motoci na Innoson, daga shagon kayan babur ya taso. A Bobo Julaso ta Burkina Faso kamfanin SIFA ya yi shekaru yana harhaɗa babura. Wayar kuloci ba kumbon sama jannati ba ce: zaren ƙarfe ne, da riga, da kai biyu. Yankin da ke da masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, yankin da albasarsa ta Galmi ke kaiwa Abijan da Akara, ba zai ce bai san masana'anta ko fatauci ba. Alhazan Ƙonni suna da jarin da ya fi na mutanen Nnewi ranar da suka fara. Sun dai fi son kuɗin da ke juyawa cikin mako, da gidan sama, da ƙarin aure. Dukiyarsu ce, babu mai yi musu dole. Sai dai wanda ya ƙi dasa ko ƙaramin injin matse kan waya, bai kamata a ji bakinsa ba ranar da aka sake rufe iyaka.

Kafin a kai ga ƙira ma, akwai abin da ba ya bukatar jari ko izinin Yamai. Masu sayar da kayan babur suna da shugabanni, kanikawa suna da nasu, ƴan kabu-kabu suna da ƙungiyoyi masu karɓar kuɗin mako. Su zauna su yarda cewa kowane shago zai raba kayansa fili, a faɗa wa mai saye hawan da yake saye da farashinsa, a rubuta masa a takarda. Wanda aka kama ya sayar da na buhu da sunan na asali, ya mayar da kuɗi ya biya aikin bakanike, in ya sake a kai sunansa tashoshin kabu-kabu. Ƴan kabu-kabun Ƙonni kaɗai, in suka ƙaurace wa shago ɗaya na wata guda, sun isa su koya wa sauran hankali. Ma'aikatan duwan da na ciniki da ke karanta wannan shafi kuwa, da yawansu a kan irin baburan nan suke zuwa aiki, sun kuma san shagunan da ake nufi ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar Ƙonni ranar Laraba take ci, kwalayen suna nan jere a kan teburi, kuma babu wanda aka rufe da kwaɗo.